Tambayi Adda: Wace lamba ce wannan a takardar Dada?

Wasiƙu uku na ware wa wannan fitowar, kuma dukansu ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Ga wanda bai saba da filin ba, ni ma'aikaciyar adana bayanan marasa lafiya ce a wani asibitin gwamnati a cikin garin Gombe, wato ɗakin nan da kuke kira wajen yankan kati. Shekarata 24 a wannan aiki. Ba na rubuta magani, amma duk abin da likita ya rubuta, ta hannunmu yake bi kafin ya shiga kwamfuta ko ya koma kanta.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Adda. Ni malamar firamare ce a Kumo. Dadarmu shekararta 57, ta daina al'ada wajen shekara shida da suka wuce. Kusan shekara biyu ke nan tana fama da ƙaiƙayi da zafi a gabanta, in za ta yi fitsari har sai ta cije baki. Babu irin maganin sanyin da ba mu saya a kemis ba, na sha da allura da na matsi, sai ya lafa kwana biyu ya dawo. Har ta fara zargin ban ɗakin da suke haɗawa da abokiyar zamanta, gidan ya ɗau zafi. Watan jiya na kawo ta Gombe, wata likita ta duba ta, ta rubuta mata wani man matsi. A takardar inshorar da muke biya mata sai na ga an rubuta N95.2. Ƙanena ya ce da irin wannan lambar likitoci ke ɓoye babbar cuta kamar daji don kada hankalin mutum ya tashi. Adda, tun ranar ban yi barcin kirki ba.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Yau ki kwanta ki yi barcinki. Wannan lamba ba ta daji ba ce, ba kuma ta cutar da ake ɗauka wajen namiji ko a ban ɗaki ba ce. Ƙanin naki kuma ki ce masa Adda ta ce ya rage zaman majalisa.

Lambar ta fito ne daga wani kundi na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD-10, inda aka bi cututtuka ɗaya bayan ɗaya aka ba kowacce harafi da lamba. An amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Likitan Gombe ya rubuta da Turanci, na Yamai ya rubuta da Faransanci, in dai ciwon ɗaya ne to lambar ɗaya ce. Harafin farko shi ke nuna dangin ciwo. Daji da C yake farawa: na bakin mahaifa C53, na cikin mahaifa C54. Cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, irin su tunjere da ciwon sanyi na ainihi, suna tsakanin A50 da A64. Shi kuwa N gidan ƙoda ne da mafitsara da al'aura. A cikin gidan akwai ɗakin N95 da aka ware wa matsalolin daina al'ada, kuma N95.2 tana nufin bushewa da sirancewar fatar farji bayan al'ada ta tsaya. Iyakarta ke nan.

Ga yadda abin yake faruwa. Tun daga balaga, ma'ajiyar ƙwan mace tana fitar da wani sinadari mai suna istirojin. Shi ke sa fatar cikin gaba ta yi kauri da laushi da danshi, ta yi ninki-ninki yadda za ta buɗe ta koma. Shi ke kuma sa fatar ta tara wani abu mai kama da sitaci, wanda wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a wurin suke ci su mai da shi tsami. Danginsu ɗaya da waɗanda ke mai da madara kindirmo. Wannan tsamin shi ne mai gadin ƙofa, shi ke hana miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama. A ma'aunin tsami da likitoci ke kira pH, na mace mai al'ada yana tsakanin 3.8 da 4.5, bayan daina al'ada kuwa yakan haura 5. To idan al'ada ta tsaya, galibi tsakanin shekara 45 da 55, istirojin sai ya yi ƙasa ƙwarai. Fatar ta yi siriri kamar ɓawon albasa, ta bushe, ta koɗe, gogayya kaɗan sai ta tsage. Mafitsara da hanyar fitsari maƙwabta ne, su ma da wannan sinadarin suka dogara, shi ya sa Dada ke cije baki wajen fitsari, wasu kuma suke yawan tashi cikin dare ko ciwon mafitsara ya riƙa dawo musu. Saboda haka ne ma a 2014 wasu ƙungiyoyin ƙwararru biyu masu mazauni a Amurka suka kawo sabon suna da ya haɗa gaba da mafitsara wuri guda, ko da yake kundinmu har yanzu da tsohon sunan yake tafiya.

Kusan rabin matan da suka daina al'ada suna samun wannan matsala. Ni kaina shekarata 53, na shiga layi, don haka ba labarin wasu nake ba ki ba. Zafin jikin nan da ke taso wa mace kamar an hura mata garwashi a ƙirji, wanda a nan Gombe mukan ɗora wa zafin watan Afrilu laifi, yakan ragu da kansa bayan wasu shekaru, kuma lambarsa daban ce, N95.1. Bushewar gaba kuwa ba ta tafiya da kanta. In aka ƙyale ta gaba take yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarki, wato shekara biyun da aka ɓata. Kalmar "sanyi" ta zama buhun da muke zuba komai a ciki. Ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa ma sanyi. 'Yan boko kuma suka ƙara mana da "cutar ban ɗaki". Mace ta zauna gaban likita, ga layi har bakin ƙofa, kunya ta rufe ta, musamman in likitan sa'an ɗanta ne. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Sanyi ke damuna." Shi kuma bai tambayi yaushe rabonta da al'ada ba, bai sa an duba ta ba, ya rubuta ciwon ƙwayoyin cuta, ya ba da Flagyl da maganin matsi, ya kira na gaba. Takarda ta iso gare mu, mu kuma abin da aka rubuta shi muke ba lamba.

Akwai wani fayil da ba na mantawa. Na wata dattijuwa ne mai shekara 60 da ɗoriya, har igiya muka ɗaure shi da ita saboda kauri. Na ƙirga zuwa tara a ƙasa da shekara biyu, kowane zuwa magana ɗaya, maganin kashe ƙwayoyin cuta kala-kala, gwajin ruwan gaba har sau uku ba a ga komai ba. A zuwa na goma ta faɗa hannun wata likita da ta juya shafukan baya, ta ga shekarunta, ta kai ta bayan labule ta duba. Layi huɗu ta rubuta, ni kuma na sa N95.2. Bayan wannan, fayil ɗin sau biyu kawai ya ƙara fitowa daga kanta a shekarar. Abin da ya ba ni haushi shi ne tun shafin farko shekarunta na nan a rubuce, da rubutun hannuna ma.

Don haka likitar da ta duba Dada ta yi muku aiki, ku riƙe ta. Man matsin da ake bayarwa a wannan matsala galibi na istirojin ne, irin su Premarin ko mai ɗauke da estiriyol. Yadda aka saba, ana sawa kullum da dare na kamar mako biyu, sannan a koma sau biyu a mako, amma ku bi abin da ita ta rubuta. Ba ya aiki dare ɗaya, sai an yi makonni kafin a ji bambanci sosai, kuma in aka daina gaba ɗaya bushewar kan dawo. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne, duk da haka macen da ta taɓa yin dajin nono, ko take zubar da jinin da ba a gano dalilinsa ba, kada ta karɓa daga hannun ƙawa ko mai kemis sai likita ya yanke. Ga mai miji kuma akwai man santsi irin K-Y Jelly don lokacin kwanciya. Na faɗi wannan ne domin mata da yawa a wannan shekaru suna gudun shimfiɗa saboda azaba, miji ya ɗauka raini ne ko ƙiyayya, alhali fata ce ke tsagewa.

Abin da za ki hana Dada: zama cikin ruwan bagaruwa, matsi da alif, tsarki da Dettol ko sabulu mai ƙamshi, da kayan matsin da ake tallatawa a gidajen biki. Yawancinsu aikinsu tsotse danshi ne da tsuke fata, ita kuwa danshin ne ta rasa tun farko. Ruwa zalla ya ishe ta tsarki.

Abu ɗaya ne zan ja miki kunne a kansa da ƙarfi. Macen da ta yi wata 12 cur ba ta ga al'ada ba, in ta ga jini, ko ɗigo ne a jikin zane, ba al'ada ce ta dawo ba. Sau da yawa wannan busasshiyar fatar ce ta tsage, amma a wasu lokutan alamar dajin mahaifa ce, kuma ba a rarrabewa da ido. Lambarsa ma daban, N95.0, kuma sai an yi sikanin an auna kaurin shimfiɗar cikin mahaifa, wani lokaci a ɗebi ɗan nama a gwada. In kin ga haka kada ki tsaya kemis, ki nemi takardar turawa zuwa sashen mata na babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe.

Abokiyar zaman Dada kuma a nemi afuwarta, ban ɗakinta bai yi laifin komai ba.

TAMBAYA TA BIYU

Goggo, barka da aiki. Ni ɗalibin adana bayanan lafiya ne, ina firaktikal a wani asibiti a jihar Bauchi. Kati biyu suka ɗaure mini kai. Na farko na mace ce mai shekara 61, likita ya rubuta kumburin farji kawai. Ogana ya ce in sa N76.0, ni kuma ina ganin N95.2 ce tunda tsohuwa ce. Na biyu mace ce mai shekara 42 da aka cire wa mahaifa saboda ƙari, yanzu tana kukan bushewa. Malaminmu ya taɓa ambatar N95.3, amma na duba a waya ban gan ta ba.

AMSA

Ɗana, hankalinka ya kai inda ya kamata, amma hannunka bai da izinin binsa. A ƙa'ida oganka bai yi kuskure ba: kumburin farji da ba a faɗi irinsa ba, kundin N76.0 yake kai shi. Sai dai in ka buɗe juzu'i na ɗaya ka karanta abin da ke ƙarƙashin kan N76, za ka ga an ce ban da kumburin bushewa na tsufa, shi a tafi N95.2. Wato kundin da kansa ya san ana rikita su. To amma shekara 61 ba hujja ba ce. Tsohuwa ma tana iya samun kandida, wato ƙaiƙayin gaba da ƙwayar fungas ke kawowa, musamman mai ciwon suga, wannan kuwa B37.3 ce. In ka sa N95.2 don ka ga shekaru, ka zama likita ba da lasisi ba. In ka sa N76.0 ka yi shiru, ka taimaka an binne ta cikin buhun sanyi. Hanya ta uku ita ce aikinmu: ɗauki katin ka koma wurin likitan, ko ka manna masa 'yar takardar tambaya, "Ranka ya daɗe, wannan kumburin na ƙwayoyin cuta ne ko na daina al'ada?" Wasu za su harare ka, na sha harara har na saba. Shi zai ƙara bayanin da hannunsa, ya sa hannu da kwanan wata. Kai kada ka taɓa rubutun likita, kada kuma ka yarda a shafe da farin fenti. Kuskure layi ɗaya ake ja masa yadda za a iya karanta na ƙasa.

Rubutun da nake jin daɗin samu a kan irin wannan mara lafiya ba dogo ba ne. Shekarunta, yaushe ta ga al'adar ƙarshe, da kanta ta tsaya ko aiki aka yi mata. Sai abin da take ji, da ko akwai jini. Sai abin da aka gani da aka duba: fata ta koɗe, ta yi sumul babu ninki, akwai ɗige-ɗigen ja ko tsagewa, ƙofa ta tsuke. Sai sakamakon gwajin ruwan gaba da na fitsari in an yi, da tarihin dajin nono ko magungunansa. A ƙarshe, kalmar da ta fi kowace tsada a wurinmu, inda likita zai ɗaure ciwon da sababinsa ya ce saboda daina al'ada ne. In akwai ciwon hanyar fitsari da gwaji ya tabbatar, shi ma ya samu lambarsa, N39.0, a bayan babbar.

Kati na biyu kuwa, wayarka ce ta kai ka Amurka. Su suna da nasu gyararren kundin, ICD-10-CM, da suka koma kansa a watan Oktoba na 2015, kuma shi ya fi cika intanet. A cikinsa babu N95.3. A na Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan, ita ce ta matsalolin daina al'adar da aka jawo da aiki ko magani, kuma a ƙarƙashin N95.2 an rubuta ƙarara cewa in ta wannan hanyar ce a koma N95.3. Amma kafin ka sa, nemo takardar tiyata. Cire mahaifa kaɗai yana tsayar da jini, ba ya tsayar da istirojin, matuƙar an bar ma'ajiyar ƙwai. In an cire ma'ajiyar ƙwan duka biyun, to nan ne mace ke faɗawa daina al'ada dare ɗaya ko da shekararta 42. Mutanenmu komai "an cire mahaifa" suke cewa, takardar tiyata ce kawai za ta raba gardama. Ka saba da tsarin da aka koya mana: nemo kalma a juzu'i na uku, tabbatar a juzu'i na ɗaya, kada ka sa lamba daga ka.

Ka kuma fara leƙa ICD-11. An amince da shi a 2019, ya fara aiki a 1 ga Janairun 2022, kowace ƙasa na komawa kansa a nata lokacin. A can wannan ciwon GA30.2 ne. Ku ne za ku yi zamani da shi, mu muna hanyar fansho.

Kada ka ɗauka wahalar banza ce. Ƙarshen wata lambobin nan muke tarawa mu aika sama, da su ake sanin me ke damun mutane, da su ake yanke maganin da za a sayo. In kowace dattijuwa mai bushewa an ƙirga ta cikin masu ƙwayoyin cuta, sito zai cika da maganin kashe ƙwayoyin cuta, man istirojin kuwa a ce babu mai nema. Ga kuma inshora. Tun da aka sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a 2022, ga hukumomin jihohi irin GoHealth a Gombe da BASHCMA a Bauchi, takardun neman biya sai ƙaruwa suke, kuma mai tantance su yana duba ko maganin da aka bayar ya dace da ciwon da aka rubuta.

TAMBAYA TA UKU

Adda, shekarata 52, ina unguwar Jekadafari a garin Gombe. Irin wannan matsalar nake da ita, amma ɗan maƙwabciyata a wajen yankan kati yake aiki. Ina tsoron ya karanta fayil ɗina magana ta zaga unguwa.

AMSA

'Yar'uwa, tsoronki ba na banza ba ne, garin nan kowa ya san kowa. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko doka, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Ma'aikacin da ya kai zancen fayil unguwa aikinsa ya sa a caca, kuma kina da damar kai ƙararsa wurin shugaban sashe. Ƙididdigar da muke aikawa sama kuwa babu suna a cikinta, adadi ne zalla.

Inda sirri ya fi zubewa a taga ne, lokacin da wani ma'aikaci zai ɗaga murya gaban layi ya ce, "Hajiya me ke damun ki?" Ba dole ki amsa masa ba. Ki ce sashen mata za ki, ya wadatar. In kin shiga kina iya neman likita mace, ko nas ta tsaya tare da ku. A can ciki kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kada ki ce sanyi, ki ce bushewa, ki ce zafi, ki faɗi in akwai ciwo wajen kwanciya, ki faɗi in kin ga jini.

Za a tambaye ki yaushe rabonki da al'ada. Yawancinmu ba ma riƙe wata da shekara, don haka kafin ki fito gida ki zauna ki tuna wane azumi ne na farko da kika yi cur ba ki sha ko ɗaya ba, ki ƙirgo azumi nawa aka yi daga shi zuwa bana. Wannan lissafin za ki ba likita.